Saƙon Awon Ciki

Shekarar da na kama haya a unguwar Wambai, wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke hanyar Maje ya ɗauke ni aikin kula da sabarsu, wato kwamfutar da take ajiye bayanan mata masu ciki, tana aika musu saƙon tunin ranar awo ta waya. Ba ni na rubuta manhajar ba, gadonta na yi. An rubuta ta da irin yaren kwamfutar nan mai sakin fuska, wanda duk abin da ka miƙa masa zai karɓa, lamba ce ko rubutu, ba ya tambaya.

Wata ranar Talata da hantsi ina zaune a ofishin shugabar ungozomomi, sai ga wani mutum ya yi sallama. Manomin doya ne, zai girme ni nesa ba kusa ba, ƙafarsa duk jar ƙasa. Ya ƙi zama. Ya miƙa mata wayarsa.

"Hajiya, don Allah ku daina kiran uwar yarana," in ji shi. "A nan ta cika, da damina. Ku kuka ba ni gawarta."

Hajiya ta karanta, ta miƙo min. Saƙon yana gaishe da marigayiyar da sunanta, yana cewa gobe ranar awonta ce, ta zo da wuri.

"Duk wata sai ya shigo," ya ce. "Ni ba na karatun boko, 'yata ke karanta min. Jiya ta wanke mayafin uwarta ta shanya, wai ko za a buƙata."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau zan tsayar da shi."

Ya dube ni ya ce, "Kai ne kake rubuta mata?"

Na ce na'ura ce. Ya jinjina kai kawai, ya karɓi wayarsa ya fita.

Da na bincika, abin ba shi da girma ko kaɗan. Akwai gurbi mai tambayar ko mace tana raye. Ma'aikaciyar da ta shigar da rasuwar ta yi aikinta daidai, amma amsarta ta iso sabar a matsayin kalma rubutacciya, "a'a". Shi kuwa yaren, duk gurbin da ba fanko ba ne yana ɗaukarsa a matsayin e. Haka ya raya ta a wurinsa.

Na roƙi Hajiya ta bar ni in sake gina manhajar da yare mai tsauri, wanda dole ka bayyana nau'in kowane abu tun kana rubutu, kuma yana tace aikinka kafin ya yarda ya tashi. Na raba mace mai zuwa awo da wadda ta rasu, kowace da nau'inta. Sashen aika saƙo ba ya karɓar kowa sai ta farko. Amsar da ba ta dace da gurbinta ba, tun a bakin ƙofa ake mayar da ita.

Ina cikin aikin na gwada da gangan, na miƙa wa sashen saƙon sunan marigayiyar. Allon kwamfutar ya yi ja, ya ƙi. Na daɗe ina kallonsa.

Kafin in kashe tsohuwar manhajar na duba ko akwai wasu matan irin marigayiyar. Akwai. Gidajensu ba wanda ya taɓa zuwa ya yi ƙorafi. Hajiya ta ce mu je mu ba su haƙuri, muka bi su gida gida har garin Gawu Babangida. A wani gida wata tsohuwa ta ce mana ita dai ba ta goge saƙo ko ɗaya ba, don ba wanda ya rage yana ambaton sunan 'yarta. Ta tambaye ni ko saƙon zai shigo wata mai zuwa. Na ce mata a'a.