Ranar da Akawu Ya Rubuta Mma Jahila

Ranar sadakar bakwai ta Mma, wani jikanta da ya zo daga Kumasi ya miƙe a ƙofar gidanmu na unguwar Aboabo a Tamale, ya ce wa jama'a, "Kakarmu, duk da ba ta yi karatu ba, ta ba mu tarbiyya." Mutane suka gyaɗa kai. Ina zaune cikin mata ina jin sa. Matar da ta haura shekara casa'in, tun tana yarinya alƙalami ke hannunta, wai ita ce ba ta yi karatu ba.

Mma mahaifiyata ce. Babanta falken goro ne, daga Kano ya biyo ta Salaga ya zauna a Tamale, ya koya mata ajami tare da 'ya'yansa maza. Man kaɗe take sayarwa, amma da wasiƙa aka san ta. Matar da mijinta ya tafi gonar koko a kudu ya yi shiru, tsohuwar da ɗanta ke aikin haƙar zinariya, duk wurinta suke zuwa, wasu tun daga unguwar Lamashegu a ƙafa. Ta rubuta musu, in amsa ta zo ta karanta, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, gwamnati ta sa aka bi gida-gida ana ƙidayar mutane. Lokacin ina sabuwar malamar firamare, ina ji da Turancina. Wata Asabar da hantsi akawun ƙidaya ya yi sallama, da gajeren wando da doguwar safa. Ya tarar da Mma a kan tabarma tana rubuta wa maƙwabciyarmu wasiƙa. Ya tambayi sunanta, da shekarunta, da yawan 'ya'yanta. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka".

"Mma, ka je sukul?"

"Ban je ba."

"To, ba karatu, ba rubutu." Ya kai biro kan takardarsa.

"Dakata, ɗana. Wannan da ke hannuna mene ne?"

Ya karɓa, ya riƙe ta kai a ƙasa, ya yi dariya. Ya juyo gare ni ya ce da Turanci laya ce. Mma ba ta ji Turancin ba, amma ta ji dariyar. Ta jawo sabuwar takarda ta tambaye shi sunansa da garinsu, ta rubuta, ta ƙara da duk tambayoyin da ya yi mata, sannan ta karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce takardarsa ba ta da gurbin irin wannan, ya ja layinsa a inda ya yi niyya.

Ni kuwa me na yi? Cewa na yi, "Mma, ki ƙyale shi, karatun zamani yake nufi." Har yau in na tuna maganar nan, haushin kaina ya fi na akawun.

Da ya fita ta dube ni. "An ce Bature ya tafi ko? Shi da ya zo, da irin rubutun nan yake aika wa sarakuna saƙo. Yau ɗan ƙasa ne ya shigo gidana ya rubuta ni jahila, 'yata tana taya shi."

Washegari bayan la'asar ta ajiye mini tawada da alƙalami. Wata uku na yi a gabanta, malama guda, tana gyara mini baƙi kamar 'yar shekara bakwai. Ba ta sake tayar da zancen akawu ba.

Ta rayu fiye da shekara arba'in bayan wannan. Ta binne babanmu da ƙannena biyu, ta je Makka, ta goyi jikoki har ta ga 'ya'yansu. Mata ba su daina zuwa ba sai da waya ta shigo gari. Da idonta ya yi rauni, ita ke faɗa ina rubutawa, in na karanto ta ce, "Ba haka na ce ba, sake." Ta rasu da damina, bayan azahar, kanta a cinyata.

Da aka zo raba kayanta aka buɗe wani akwatin ƙarfe cike da takardu. Cikin jikoki sama da ashirin, masu digiri da masu manyan ofisoshi, babu wanda ya iya karanta layi ɗaya. Wata ma cewa ta yi a haƙa rami a binne, kada a taka sunan Allah. Na zaro ɗaya na karanta mata, ashe yadda ake tace man kaɗe ne kada ya yi wari. Na sa aka kai akwatin ɗakina.

Yanzu jikokina mata biyu ke zuwa koyo ranar Lahadi. Ƙaramar ta fi saurin hannu, sai dai ba ta son tawada, wai tana ɓata mata yatsu. Na bar ta da bironta.