Kalmar da ta raba Abba da danginsa

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Agali, wanda yaran Arlit suka laƙaba wa suna Mushe Oba, Mushe kuwa "malam" ne da Faransanci. Sunan tsokana ne. Sun sa masa shi ne saboda yadda yake iya cinye mako guda yana koyar da kalma ɗaya ta Ingilishi, wato over, ba tare da ya gaji ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi masa dariya a lokacin yanzu sun yi furfura, kuma har yau ba su san dalili ba. Ni 'yarsa ce, ni ma Ingilishin nake koyarwa a garin nan, kuma na ga lokaci ya yi da zan faɗa.

Abba, kamar yadda muke kiransa, ba a gari aka haife shi ba. A lokacin ma babu Arlit. Fili ne fetal a yamma da duwatsun Ayar, sai rijiyoyi jefi-jefi, kowace da mutanenta. Tamu tana hannun Kawu Sidi, yayan mahaifiyar Abba, wanda shi ne babban zangon, kuma shi ya rene shi. Da Abba ya zama saurayi ya bi ayari zuwa Kano da gishiri da dabino. Ayari ya dawo, shi bai dawo ba. Ya zauna 'yan shekaru yana aikin lodi a kantin wani Bature, kuma a can ya tsinci Ingilishinsa na farko, irin na bakin mota. Idan za a rufe kaya da tamfol, sai Baturen ya daka tsawa ya ce a ja shi over. Daga nan Abba ya riƙe cewa over na nufin bisa, ko a kan abu. Bai yi kuskure ba. Abin da bai sani ba shi ne kalmar tana da wasu fuskoki.

Ya koma gida a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, daidai lokacin da Nasara suka fara yawo a yankinmu da motoci da na'urori suna farfasa duwatsu. Ba wanda ya gaya wa mutane abin da ake nema. Wata rana da hantsi motoci suka tsaya a rijiyarmu. Akwai wani hafsan Faransa, akwai kuma shugaban masu haƙa, wani jibgegen mutum da aka ɗauko daga wata ƙasa, wanda ba ya jin komai sai Ingilishi. Tafintansu ya kwanta rashin lafiya a Agadas. Da aka ji akwai yaron da ya zauna a Kano, sai aka tura Abba gaba, Kawu Sidi yana ta alfahari da shi.

Mutumin ya tsaya a bakin rijiya, ya shimfiɗa hannu a samanta, ya ce, "We will take over this well."

Abba ya ji over, ya ga hannu a bisa rijiya, ya tuna tamfol. Ya juya ya ce wa dattawa, "Ya ce za su kawo wani abu su aza bisa rijiyar."

Kawu Sidi ya tambaya, "Wane abu, ɗana?"

"Ina jin injin jan ruwa ne, Kawu, irin wanda na gani a Kano."

Dattawa suka yi murna. Aka yanka ɗan akuya, aka dafa shayi, aka yi musabaha. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne hafsan Faransan yana jin Ingilishi sarai, yana kuma jin Hausa daidai gwargwado. Yana zaune a kan tabarmar Kawu ya ji abin da aka faɗa, ya ji yadda aka fassara shi, ya shanye shayinsa bai ce uffan ba.

Injin ya zo kuwa. Amma tare da shi aka zo da waya mai ƙaya da gardi mai bindiga. Abin da Baturen ya ce shi ne za su karɓe rijiyar. Ana tsakiyar bazara aka tashi zango duka zuwa wata rijiya mai nisa, wadda ke da nata masu ita, inda sai an jira dabbobinsu sun ƙoshi kafin namu su sha. Awaki suka yi ta faɗuwa a hanya. Raƙuma masu shayarwa suka ƙafe. Matar babban ɗan Kawu, wadda ke da tsohon ciki, ta haihu a kan hanyar, jaririn bai zo da rai ba.

Abba ya hau raƙumi ya tafi Agadas wurin kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankin. Ya yi ta jira a ƙofar ofis kafin a shigar da shi. Kumandan ya saurare shi, ya ce, "Dattawanka sun yarda a gaban shaidu. Kai ka yi tafinta. Wa ya tilasta ka ka ce kana jin Ingilishi?" Iyakar shari'ar ke nan.

Da ya dawo, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Mutanenmu ba haka suke hukunci ba. Ya zauna cikin maza ana raba shayi, kofi ya zo kansa aka tsallake shi. Washegari ma haka. Wasu suka fara raɗa cewa ba kuskure ba ne, Nasara ne suka saye shi. Kawu Sidi magana ɗaya ya yi masa: "Da ka ce mini ba ka gane ba, da na fi son haka." Bai sake yi masa magana ba har ya bar duniya. Abba ya bar zangon da mahaifiyata kaɗai, wadda ta bi shi duk da iyayenta ba su so ba.

Sun yi zaman Agadas, ni ma can aka haife ni. Da aka kafa Arlit muka dawo, ya samu aikin tsaron ƙofa a wani garejin motoci. Akwai wani makanike ɗan Gana a wurin, dattijo mai haƙuri, shi ya zama malaminsa. Abba ya koyi karatun boko yana da 'ya'ya huɗu, ya riƙa bin darussan Ingilishi na rediyo kamar mai bin karatun tafsiri. Na sha ganinsa da la'asar yana maimaita jimla ɗaya har Anna, mahaifiyarmu, ta ce masa, "Agali, rijiyar ba za ta dawo ba." Sai ya ce, "Na sani." Ya ci gaba.

Daga baya ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya jingina baƙin allo, yaran lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka fara zuwa. Ba shi da takardar malanta, amma darasinsa na over ban taɓa ganin littafin da ya kai shi ba. Yakan fara da mai sauƙi. The goat jumped over the wall: akuya ta tsallake katanga. Sai ya ce, to ga wani, over fifty camels: nan ba tsallake ba ne, raƙuma ne fiye da hamsin. Sai they fought over water: nan kuma dalili ne, a kan ruwa suka yi faɗa. Sai the rain is over: damina ta ƙare. Yakan sa kowane yaro ya faɗi jimlar da Hausa, ya kuma faɗe ta da Tamajak, harshen mutanen Ayar, ko Fillanci, duk wanda ya taso da shi. Sai a ƙarshe ya zo kan waɗanda ya kira masu haɗari, inda over ke manne wa aikatau ta juya masa ma'ana gaba ɗaya. Run gudu ne, amma run over takewa ce da mota. Hand hannu ne, amma hand over miƙawa ce. Take ɗauka ce. Idan ya rubuta take over, yakan juyo ya ce, "Wannan ƙwace ne cikin ladabi." Yara su fashe da dariya, don ba su san komai ba.

Dokarsa ɗaya ce. Yaron da ya yi kuskure ba ya shan faɗa. Amma wanda ya gyaɗa kai alhali bai fahimta ba, ranar sai ya raina kansa. "Ka ce ban gane ba," in ji Abba, "ba za ka mutu ba."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Arlit ta yau. Tutar da kumandan ya zauna a ƙarƙashinta ta daɗe da sauka, yanzu kuma ana ta murnar cewa arzikin ƙasa ya dawo hannun 'yan ƙasa, an janye lasisin da kamfanin Faransa ke da shi na haƙar yuraniyom a Imouraren, ana jawabai. Ba na raina wannan. Amma na san Abba. Zai saurari rediyo har ƙarshe, ya kashe, sannan ya tambaya ko an kira makiyayan wurin an zauna da su, da wane harshe aka yi musu magana, kuma wa ya yi tafinta. Zai dubi tsaunukan turɓayar ma'adini da suka kewaye mu, ya dubi mata da jarkoki a layin famfo, ya tambaya ko wanda ya karɓa yanzu ya bambanta da wanda ya karɓa a da a wajen mai akuya goma. Kuma na tabbata ba zai so wannan wayar da ɗalibaina ke latsawa ta fassara musu jimla nan take ba, don ban taɓa ganin ta ce ba ta gane ba.

Me ya rage nasa? Rumfar ta rushe. Rijiyar ma na je neman ta da wani direba, muka tarar da guntun siminti da tsatsar bututu, rairayi ya cike ta. Amma akwai wata tsohuwar ɗalibarsa da ke tafinta ga baƙin haure da ake korowa ta kan iyaka a Assamakka, waɗanda da yawansu Ingilishi suke ji. Ta gaya mini ma'aikatan lafiya na ƙorafin tana ɓata musu lokaci, don ba ta fassara maganar marar lafiya sai ta sa ya maimaita ta tabbatar. Ta ce, "Malama, daga babanki na koya." Wannan ya rage, kuma ba kaɗan ba ne.

Ranar sadakar ukunsa, babban ɗan Kawu Sidi ya zo, tsoho tukuf, ana riƙe da hannunsa. Ya yi addu'a, ya ce, "Mun yafe masa zancen rijiya." Mutane suka ce madalla, Anna ta yi kuka. Hafsan da ya ji gaskiya ya yi shiru ya koma ƙasarsu ya tsufa cikin mutunci. Kumandan ma haka. Cikin duk waɗanda ke da hannu a rasa rijiyar nan, mutum ɗaya ne bai yi niyyar cutar kowa ba, kuma shi kaɗai aka hukunta, shi kaɗai aka zo yafe wa bayan ya shiga ƙasa. Abba bai taɓa riƙe kowa a rai ba, Allah ya jiƙansa. Ni kam ban kai shi ba. Har yanzu ina jiran in ga wanda zai zo ya nemi gafararsa.