Ginshiƙin Baba Saiti

"Ƙofarku ma ta fara?"

"Ta fara me?"

"Cijewa mana. Tamu sai an sa mata kafaɗa take rufuwa."

"Damina ce, katako ya sha ruwa."

"Ta ƙarfe ce fa."

Ruwa na ta zuba a cikin jarka.

"To ki kira Baba Saiti."

"Na kira shi, ya gyara. Ta sake."

A bakin famfo ake wannan hira, shi kuwa wanda ake magana a kansa yana tsallaken titi, a kan tsani, yana toshe wata tsaga a bangon shagon tela. Magini ne. Sunan Saiti ya samo shi ne tun yana saurayi, domin idonsa ba ya jure ganin abu a karkace. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ya miƙe ya daidaita agogon bango kafin ya amsa "ina gajiya". Matarsa kan ce ranar da aka haifi ’yarsu Auta, hancin jaririyar ya fara dubawa ko yana tsakiya.

Rabin gidajen layin shi ya ɗora tubalinsu, tun lokacin da wurin yake fadama ana cike ta da ƙasa. Daga baya masu sayar da ruwa suka zo suka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse, injinansu na zuƙa daga safe har yamma, tankoki na fita. A shekarun nan ne bangaye suka fara darewa. Baba Saiti bai taɓa barin tsaga ta kwana biyu a idon jama’a ba. Da ya gani zai kwaɓa siminti, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Wata rana ma’aikatan safiyo suka zo neman tsakar gida mai buɗaɗɗen sama. Nasa ya dace. Shugabarsu wata matashiya ce, kowa Injiniya yake ce mata, shi kuwa ’yata. Ta sa shi ya gina ginshiƙi daidai ƙirjin mutum a bayan gidan, kusa da ɗakin baya. A kansa suka ɗaure farantin ƙarfe, suka ɗora wata na’ura fara mai kama da kwano a kife.

"Baba, wannan kwanon taurarin ɗan’adam yake saurare," in ji ta. "Kullum yana aiko mana inda yake tsaye. In ƙasa ta nutse ko da kaurin farce ne, za mu gani daga ofis."

"To in ta nutse fa?"

"Sai mu faɗa wa hukuma ta kwashe mutane tun da wuri."

Ya shafa ginshiƙin, ya ce, "Aikin hannuna ba ya nutsewa."

Bayan damina ta farko ya fito da safe, ya tsaya cak. Ginshiƙin ya ɗan sunkuya wajen ɗakin baya. Wani ba zai lura ba. Ya ɗauko tiyonsa na awo ya cika shi da ruwa, ya gwada da wata alama da ya yi a dokin ƙofar gaba. Ba sunkuyawa kaɗai ba, har ya yi ƙasa. Kunya ta rufe shi. Mutanen gwamnati sun ba shi amana, ga shi tushen da ya zuba ya ba shi kunya a cikin gidansa. Ya kwance notunan, ya ɗaga farantin da kwanonsa a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya shimfiɗa sabon siminti, ya mayar da komai inda yake ranar farko. Bai faɗa wa kowa ba. Wane magini ne zai bi gari yana shelar ya gyara aikin kansa?

Damina ta sake zagayowa, ya sake. Haka ta bayanta.

A ofis kuwa, zanen da ke kan kwamfuta yakan gangara a hankali, sai ya ɗago ya koma mazauninsa. Suka ɗauka ƙasa ce ke kumbura in ta ƙoshi da ruwa, abin da sun saba gani a wasu wurare. Da hukuma ta aiko masu duba gine-gine, sai suka tarar da bangayen layin sumul. Layukan da ke gangare aka shafa wa jan fenti, aka ce su tashi. Layin Baba Saiti aka ce lafiya lau.

Gidan da Auta take aure yana cikin masu jan fenti. Mijinta direban babbar mota ne, ba ya zama, don haka ta kwaso tagwayenta ta dawo gida. Mahaifiyarta ta share mata ɗakin baya.

"Nan kam ko ƙasa ta san gidan wa ta tarar," in ji Baba Saiti, yana shigar da katifa.

"Ka dai gyara mana tagar nan, ba ta buɗuwa," in ji Auta.

Ranar da Injiniya ta dawo canza batir, da hantsi ne, hadari na haɗowa daga gabas. Tagwayen na barci a ɗakin baya. Ta tsuguna ta buɗe akwatin batir, da ta ɗago sai idonta ya tsaya a ƙarƙashin farantin. Siminti ne hawa-hawa, kowane da launinsa, na ƙasa ya yi duhu, na sama fari tas. Ta kara yatsunta a jiki. Tafin hannunta bai rufe shi ba.

"Baba, wa ya taɓa wannan?"

"Ba wanda ya taɓa kwanonki, ’yata. Ginshiƙina ne ya ɗan zauna, na tashe shi."

"Ka tashe shi."

"Tsaf. Kawo tiyo ki gwada."

Ba ta ce a kawo tiyo ba. Ta zauna a kan akwatin, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Baba, tushenka lafiyarsa ƙalau. Ƙasar ce take tafiya da shi. Abin da muka ajiye shi ya faɗa mana ke nan."

Matarsa, da ke shanya, ta tsaya da rigar a hannu.

"Da me kake gwadawa?" in ji Injiniya.

"Da dokin ƙofar gaba."

"Ita ma ƙofar gaban a kan ƙasar nan take. Wannan simintin bambancin gaban gidan da bayansa ne kawai. Yadda gidan duka ya sauka, ban sani ba. Yanzu ba wanda ya sani."

Baba Saiti ya juya ya dubi bangon ɗakin baya. A nan ne ya fi zuba gwaninta: tsaga ce da ta taso daga tushe har ƙarƙashin kwanon rufi, ya toshe ta, ta buɗe, ya sake toshewa, ya bi da fenti har shi kansa sai ya laluba yake gane wurin. Yanzu ga wani siririn zare baƙi ya fito a kan fentin, wanda jiya babu shi.

"Bangaye nawa ka shafe a layin nan?" Muryar Injiniya ta yi ƙasa sosai.

Daga tsallaken katanga injin masu ruwa yana ta gurnani. Iska ta taso ta kaɗa shanya, ɗigon farko ya faɗo a kan farin kwanon. A cikin ɗakin wani abu ya zubo, kamar an watsa yashi a kan faranti, ɗaya daga cikin tagwayen ya farka da kuka.

Baba Saiti ya taka zuwa bakin ƙofar, bai yarda ya dafa bangon ba.

"Auta," ya ce a hankali. "Ɗauko yaran nan ki fito. Kar ki tsaya ɗaukar komai, kuma don Allah kar ki bugo ƙofar."