Malam Ya'u Da Ya Ƙi Toshe Wa Buta Hanci

Kafin motocin Maraɗi su fara jeruwa a bakin boda, Malam Ya'u ya riga ya share gindin bedin nan na kusa da tasha, ya shimfiɗa buhunsa, ya jera guduma da almakashin ƙarfe da gwangwanin allurai. Sai ya hura gawayi, ya yi bismilla. Risho ne ya ƙi kamawa, fitila ce, butar shayi ce hannunta ya fita, duk wurinsa ake nufa. Shekara talatin da 'yan kai yana nan. A watan jiya idanu suka ce a huta, ya naɗe buhun. Na ce ni dai ba zan yi shiru ba, ko da kuwa rubutuna na yaƙi da jahilci ne.

Masu shan kofi a Jibiya yawancinsu direbobi ne da 'yan kasuwa da suka koyo a Nijar. Duk wanda zai sayi abin dafa shi a gida, sai ya biyo ta gindin bedi ya nuna, alhali Malam Ya'u ko cokali ba ya sayarwa. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, "Wace wuta gare ku a gida?" An ce wani ya taɓa kawo masa butar kofi ta gilas, kyakkyawa, yana ta yabonta. Malam Ya'u ya ce, "Jikokinka nawa a gidan?" Ya ce sha ɗaya. Ya ce, "Maida ta tun tana da rai."

Bari in ba ku wanda na gani da idona.

Maigidana, Baban Na'ima, ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota. A Maraɗi ya sayo wata butar kofi da muke ce wa 'yar bene: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya cikin wata 'yar rariyar ƙarfe, in ta ji wuta kofi ya hau sama yana gurnani. Da ya aje tuƙi, gwiwoyi suka zaunar da shi, masallaci ma sai da sanda. To butar nan ce ke kawo masa duniya har gida. Da hantsi tsofaffin direbobi za su cika zaure, Alhaji Isah a gaba, a sha, a yi ta ƙaryar gudu da mota.

Da aka rufe boda, garin kofin da ake kawo masa ya yanke. 'Yarmu Na'ima ta aiko da 'ya'yan kofin daga Kano. Ni kuwa da aka sani da dakan yaji, na soya, na kirɓa, na tankaɗe, ya yi luƙui kamar hoda. Daga ranar buta ta ƙi hawa. Sai huci take ta wani ɗan maɓalli da ke gefenta. Aka koma shayi kwana biyu, amma shayi ai kowane lungu akwai shi. Ɗaya bayan ɗaya abokai suka ɗauke ƙafa. Na'ima ta sake aiko da inji mai aiki da lantarki, alhali wutar ba ta zama balle ta tafasa ruwa. Baban Na'ima ya riƙa zama shi kaɗai yana kallon ƙofa. Da na ga ya daina tambayar hularsa ta fita, na saka butar cikin hijabi na nufi tasha.

"Malam Ya'u, butar ga ta huje. Ɗan liƙe mani nan da dalma."

Ya kwance ta, ya ɗaga rariyar ya duba a rana. "Hajiya, wa ya daka kofin ga?"

"Ni mana. Har tankaɗe na yi."

Ya yi dariya har da riƙe hula. "Ƙwarewarki ce ta yi yawa. Kin cushe mata maƙogwaro. Wannan kuma ba huji ba ne, hancinta ne, ta nan take numfashi in ta matsu. In na toshe shi, ranar da ta fusata a Ɗan Isa ta Nijar za a tsinto murfin."

"To in ba ka yi, in kai ma mai walda."

"Ki kai. Amma zan riga ki zuwa in hana shi."

Kai ne, Malam Ya'u, ka zauna da allura kana buɗe ƙofofin rariyar nan ɗaya bayan ɗaya har aka kira azahar, da waɗannan idanun da a lokacin ma sun fara gajiya. Ka sauya mata roba. Da wani ne, da ya liƙe mani abin da na ce ya sallame ni, in je in dafa wa kaina masifa. Kai kuwa ka tambayi me ya sa tsohuwa ta fito da buta da kanta, na faɗa maka.

Washegari da hantsi sai ga sallamarsa. Ya ce a fito masa da turmi zaure, zai nuna mani daka. Ashe ya biya ta tasha ya ce wa Alhaji Isah, "Yau namiji zai yi daka a gidan abokinka." Wa zai bari wannan ya wuce shi? Kafin taɓarya ta sauka sau goma, zaure ya cika.

"Ya'u, a ɗan yi luguden mana!" in ji Alhaji Isah. "Ko mu nemo maka zane?"

"Nemo biyu, Alhaji, kai za ka karɓe ni."

Ya ɗebo garin ya aiko mani ciki a tafin marfi, ya ce in murza in ji: ya fi tsaki laushi, bai kai garin tuwo ba, kuma kada rariyar tankaɗe ta kusance shi. Aka ɗora buta a kan gawayi. Can sai ta fara gurnaninta, ƙamshi ya shigo har tsakar gida. Na jiyo Baban Na'ima yana cewa, "Ku miƙo mani hulata, ina da baƙi."

Malam Ya'u aka fara zuba wa. Ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya dubi jama'a.

"Yanzu wannan ɗacin nake gyara ma butoci shekara talatin?"

Ashe bai taɓa sha ba. Alhaji Isah har da faɗowa daga benci.

Mai allura, maƙi toshe hanci, na gode. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku aiki ku duba abin da ya lalace, kada ku tsaya ga abin da aka ce ku yi, ku kuma dubi wanda ya kawo.

Yanzu da ya huta, kullum da hantsi yana zaurenmu. Ya koyi sha, amma sai da madara da sukari cokali uku. Duk mai son shawarar buta, nan zai same shi. Ku zo da wuri dai, 'yar bene mutum shida take ɗauka.