Baffa Umaru da Jirgi Mai Tutsu

Har gobe ban mance da ranar da Baffa Umaru ya shigo shagonmu da sanda a kafaɗa ba, kuma duk wanda aka ɗauka aiki a nan sai na ba shi labarin kafin in damƙa masa tabarau.

Lokacin ban daɗe da zama mai kula da na'urori ba a gidan wasannin kwamfutar nan namu na Kontagora. Sabon abin da Oga, mai shagon, ya kawo shi ne tabarau mai kama da ƙaramin akwati, wanda in ka ɗaura a fuska sai ka tsinci kanka tsundum cikin hoto. Ka waiga ka ga bayanka, ka ɗaga kai ka ga sama. Ba tsafi ba ne. Kowane ido ana nuna masa hotonsa daban, ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta ba ka zurfi. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce ka goge gilashi, ka zaunar da mutum, ka tambaye shi ko yana da hawan jini ko jiri, sannan ka tsaya a bayansa. Finafinan iri biyu ne, masu sanyi da masu zafi, kuma Oga ya hana a sa wa dattijo mai zafi.

Bayan ƙaramar Sallah ne, ana tsakiyar bitar maniyyata, wani abokin cinikinmu mai suna Buba ya ja ni gefe. Bafulatani ne daga wata ruga ta wajen Ibeto, in ya kawo shanu kasuwa yakan biyo ya buga ƙwallon kwamfuta. Ya ce mahaifinsa, Baffa Umaru, ya biya kujerar Makka, an gama komai, sai aka zo bayanin jirgi a wurin bita, tsoho ya miƙe ya ce ya fasa. Abin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, shi ba zai hau ba. Malamai sun yi, 'yan uwa sun yi, ya kafe. Buba ya ce, "Don Allah ka nuna masa cikin jirgi, ko hankalinsa zai kwanta. In ya rasa bana, ban san ko zai ga baɗi da ƙarfinsa ba." Tausayinsa ya kama ni, na ce ya kawo shi.

Washegari suka zo. Baffa ya ƙare wa tabarau kallo, ya shinshina shi, sannan ya yarda na ɗaura masa. Na sa masa mafi sanyin abin da muke da shi: jirgin fasinja, kujeru masu laushi, gajimare fari fat ta taga. Ni har ina murmushi, na ɗauka na gama aiki. Yana cirewa sai ya harare ni.

"Yaro, kai dillali ne?"

"A'a, Baffa."

"To, halin dillalai gare ka. Ka nuna min sa a kwance yana tuƙa, ka ce in saya. Ni tunda nake ban taɓa sayen sa a kwance ba. Sai an tashe shi, an kora shi, na ga gudunsa da harbinsa. Tayar min da jirgin nan in ga mugun halinsa."

Na ce masa jirgin alhazai ba ya da wani mugun hali, haka yake tafiya lafiya lau. Ya ce, "Kowane mai sayarwa haka yake cewa."

Gaskiya muna da wani fim na ƙaramin jirgin wasa, mai tashi tsaye ya juya ciki sama ya faɗo kamar shirwa ta ga ɗan tsako. Samari majiya ƙarfi sun sha sauka daga kujerar nan suna neman bango. Na shiga ofis na gaya wa Oga. Ya ce, "Ka haukace? In tsohon mutane ya sume a shagona, kai za ka yi bayani?" Ya fito da kansa don ya ba da haƙuri. Baffa ya saurare shi tsaf, ya ce a bita ma likita ya auna shi ya ce jininsa ya fi na Buba kyau, kuma in ba za a nuna masa ba, to an tabbatar masa akwai abin da ake ɓoyewa. Ya ɗauki sandarsa zai fita. Buba ya dubi Oga, idonsa ya kawo ruwa. Sai Oga ya ce da ni, "Sa masa. Ka riƙe kujerar da kyau, yana cewa wayyo ka kashe."

Na kunna. Jirgi ya tashi tsaye, Baffa ya damƙe sanda da hannu biyu. Jirgi ya kife, hularsa ta faɗi, ya shiga salati da ƙarfi. Na kai hannu zan kashe, ashe ya ji motsina, ya daka min tsawa: "Bar shi!" Daga nan ya koma yi wa jirgin magana da Fillanci, irin muryar da ake lallashin dabba. Buba ya toshe baki, dariya da kuka sun haɗe masa.

Da fim ya ƙare na cire masa tabarau, gumi ya jiƙa masa gemu. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana taka ta da ƙafa. Sannan ya ce, "Direban ya sauka da ransa?"

"Ya sauka, Baffa."

"Iyakar tutsunsa ke nan?"

"Wallahi babu wanda ya fi wannan."

"To, na ga halinsa. Buba, zan hau."

Bayan babbar Sallah sai ga shi da farar jallabiya da ƙullin dabino. Na ce, "Alhaji, yaya jirgi?" Ya yamutsa fuska. "Tsoho suka ba mu. Tun daga nan har Jidda ina riƙe da kujera ina jira, ko harbi ɗaya bai yi ba."

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan sana'a mun ɗauka aikinmu nuna wa mutane abu mai daɗi ne kawai. Ashe wani ba lallashi yake so ba, so yake ya ga iyakar abin da yake tsoro da idonsa, ya auna shi da zuciyarsa. Dokar Oga tana nan, kada ku karya ta. Amma kafin ku zaɓa wa mutum fim, ku tambaye shi abin da ya kawo shi. Da na tsaya a kan gajimarena mai kyau, da Baffa Umaru bai ga Ka'aba ba, don damina biyu bayan dawowarsa Buba ya zo ya gaya mana rasuwarsa.