Ampilin Yaya Idrisa

Duk wanda ya yi biki a Maraɗi kafin Taron Ƙasa ya san yayana Idrisa Sono, mai kayan sauti. Shi ke ɗaura lasifika a kan bishiya, tun daga bikin suna har kokowa. Da jam'iyyu suka fito kamar tururuwa, sai kakarsa ta yanke saƙa. Yau miti a Tsibiri, gobe a Jiratawa, kowa na son muryarsa ta danne ta abokin hamayya. Yaya ba ruwansa da tutar kowa, shi dai a kira shi. Ni Tsahara ƙanwarsa ce, kuma wallahi ina son shi, amma mutum ne da bai san komai ba sai kunne.

Yana da yadda yake gwada kaya. Sai ya kwantar da lasifika, ya zuba mata gero tafi guda, ya murɗa. In geron ya yi tsalle ya zube ƙasa, kayan kirki ne. In ya tsaya yana ɗan motsi, sai ya ja tsaki ya wuce.

Mahaifiyarmu, Inna Tasalla, ta kurumce tun wani sanƙarau da ta yi. Da hannu muke magana da ita, irin tamu ta gida. Autanta Jibo kuwa ya tafi Abijan shekara bakwai bai dawo ba. Sai ga wani direba da saƙo: kasat ɗin bidiyo, Jibo ya ɗauki kansa da iyalinsa don Inna ta gani. Ta naɗe kasat ɗin a zane ta sa ƙarƙashin matashi.

Yaya ya ce ba za a kalle shi a gidan kowa ba, shi zai sayo na'ura. Na bi shi Jibiya ranar kasuwa. Mai shagon ya fito da guda biyu. Ɗaya ƙarama, ya ce tana cin kasat ɗin kowace ƙasa, hotonta tas, sai dai muryarta ba ƙarfi. Ɗayar ƙatuwa, haɗe da ampili mai ƙara ƙarfin murya da lasifika biyu, amma tsarin Najeriya kawai ta sani.

Na ce, "Yaya, Inna ba ji take yi ba. A jona mana tele mu ga hoton mana."

Ya ce, "Ke rufe min baki. Ni za ki koya wa kayan wuta?"

Ya ciro geronsa daga aljihu. Gero ya yi rawa har kan takalmina. Shi ke nan ya sayi ƙatuwar, ko hoton bai nemi gani ba.

Ranar Juma'a da hantsi muka kai kayan Tsibiri, gidan Inna. Maƙwabta suka cika zaure. Inna ta yi wanka ta sa kwalli, ta zauna gaba. Aka kunna. Muryar Jibo ta fito kamar yana cikin ɗakin, har kwanukan jere na kaɗawa. "Inna, ina gaisuwa!" Mata suka ɗau guɗa. A tele kuwa ba komai sai toka-toka da layuka suna gudu, da wasu inuwoyi marasa fuska. Kasat ɗin na ƙasar Faransanci ne, na'urar ba ta san shi ba.

Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta juyo ta tambaye ni da hannu: wanne ne shi? Na nuna mata wata inuwa. Ƙarya na yi, ni ma ban sani ba.

Alhaji Abdulmutallib mai hatsi ya aiko cewa a kawo Inna gidansa, tasa na'urar na cin komai. Yaya ya ce, "Ni Idrisa Sono in kai uwata kallon aro? A yi min dariya a gari?" Ya rantse zai canjo na'urar. Sai aka karya darajar sefa, kaya suka ninka. Sai yajin aiki, sai damina, sai wani zaɓe da ya ɗauke masa hankali. Ni ma ina da laifi, don da na ɗauki Inna a kabu-kabu na kai ta gidan Alhaji, ba abin da Yaya zai yi min sai faɗa. Tsoron faɗan ne ya hana ni. Da kaka ta yi, Inna ta rasu.

Bayan sadakar arba'in ya zo gidana da kasat ɗin, ya ce in taso. Muka je gidan Alhaji, shi da kansa ya yi sallama ya roƙa. Hoto ya fito tas. Ga Jibo ya yi ƙiba, ga furfura a gemu. Ashe duk maganar da muka ji, yana yi yana maimaita ta da hannu, irin tamu ta gida. Ya dafa ƙirji, ya nuno mai kallo, wato Inna. Ya ɗaga wata jaririya, ya ja kunnensa na dama, alamar da muke kiran Inna da ita: ya yi mata takwara.

Yaya ya miƙa hannu ya rage muryar har ta mutu. Muka kalla haka har ƙarshe. Da muka fito ƙofar gida ya ce, "Tsahara, kin faɗa min." Ni kuwa kuka nake yi.