Takardar Tsoro da Na Karanta wa Inna

Wata huɗu na yi ina sa-in-sa da wata baturiyar Suwidin a kan tsoro. Ita ce shugabata a wani ɗan kamfanin fassara da ke Paris, ni kuma 'yar Damagaram ce da karatu ya kawo Faransa, aiki ya riƙe. An ba mu wata takarda mai tambayoyi goma sha biyu, wadda ake karanta wa majinyaci kafin a yi masa tiyata don a san iyakar tashin hankalinsa. Da Ingilishi aka rubuta ta, aka mayar Suwidanci da Faransanci, Hausar kuma aka ɗora mini.

Matar nan ta buɗe kwamfuta ta nuna mini jeri. A Ingilishi ga fear, ga dread, ga anxiety. A harshensu ga rädsla, ga skräck, ga ångest, tana faɗa tana lumshe ido kamar mai lasar zuma. Da muka zo layin Hausa sai ga kalma guda tilo: tsoro. Wai a ƙamus ta gani, wai ai ta isa. Haba! Na ce, "Madam, mu kika raina haka? Ina kika kai fargaba? Ina zullumi, ina firgici, ina razana, ina faɗuwar gaba? Wanda kare ya biyo da wanda ke jiran sakamakon gwajin jini, abu ɗaya suke ji?" Na dage, na kafe, har cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina gyara jimloli a waya. Daga ƙarshe ta gaji ta bar mini. Wallahi na yi alfahari da takardar nan, har na buga kwafi na adana a gida a Montreuil.

Bayan shekara guda Inna ta zo Faransa. Zuciyarta ce ta samu matsala, likitoci suka ce sai an buɗe ƙirji. Ta sauka wajen ƙanena da ke aikin sito a Vénissieux, hawa na goma sha ɗaya a dogayen benayen Minguettes. Saura kwana uku aiki na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, takardata a jaka.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani. Za ta yi wa Inna waɗannan tambayoyin. In amsoshin suka nuna hankalinta a tashe yake, likita zai zo ya zauna da ita, a ba ta maganin natsuwa da safiyar aikin, a kuma bar mutum ɗaya ya raka ta har ƙofar ɗakin tiyata. In ba haka ba, a ɗaki za mu yi sallama, su tura ta ita kaɗai cikin mutanen da ba ta jin ko kalma ɗaya ta bakinsu.

Ni kuwa na san a tsorace take. Matar ƙanena ta ce sati biyu ke nan abinci sai dai ta tsakura. Sai na fito da takardata ina taƙama, na ce ni zan karanta mata da Hausa.

Abin da na manta, ni da duk karatuna, ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan". A ɗakin kakata na girma. Ko ciwon kai ba ta taɓa faɗa a gabana ba, kunya ba ta barin ta.

Na ce, "Inna, kina jin fargaba in kin tuna aikin nan?"

Ta kalli taga ta ce, "Babu."

"Gabanki na faɗuwa?"

"A kan me?"

"Kina zullumin abin da zai biyo baya?"

"Allah na nan."

Haka har goma sha biyu. Kowace kalma da na yi wata huɗu ina yaƙi a kanta, Inna ta kaɗe ta kamar ƙuda. Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta rubuta cewa majinyaciya tana cikin natsuwa, har da ce mini na yi sa'ar uwa jaruma. Na ce mata ba haka ba ne, wallahi matar nan ba ta cin abinci. Ta ce ita amsar mai ciwo take rubutawa, ba ta 'yarta ba, ta kwashi takardunta ta fita.

Kai, na fusata! Na juya ga Inna na ce, "Don Allah me ya sa kika yi haka? Yanzu ke kaɗai za su tura!" Ta gyara mayafi ta ce wa ƙanena, "Gaya wa waccan ta rage murya, nan ba gidanmu ba ne." A taram, jirgin cikin gari, muna komawa gida ƙanena ya ƙara mini da cewa ai Inna ta san abin da take yi, in bar dattijuwa da tawakkalinta. Na ce ya rufe mini baki, shi da ake kiran sunansa sau goma a yini me ya sani?

Washegari da hantsi wata Hajiya 'yar garin Tawa da ke hawa na tara, wadda suka saba da Inna, ta aiko in sauko. Ta rufe ƙofa, ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Farin yadi ne, likkafani. Ta ce, "Ɗiyata, uwarki ta ba ni ajiya. Tun daga gida ta zo da shi. Ta ce in ta Allah ta kasance ni zan yi mata wanka, kada a bar ta hannun baƙi. Ta ce kada ki ji. Amma jiya ta kira ni a waya tana kuka, na ga ba zan iya riƙewa ba."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan haushi. Uwata na yi wa maƙwabciyar wata biyu kuka, ni kuma ta ce mini "babu".

Na ja Hajiya muka hau metro har asibiti. Na tare ma'aikaciyar nan a hanya, na ce a sake tambayoyin. Ta ce an riga an cika. Na ce kuskuren nawa ne, mai fassarar ce ba ta dace ba, kuma ba zan gusa daga nan ba. Ta ga da gaske nake, ta yarda. Hajiya ta yi lakwal, wato boko, da ƙuruciya, tana karatu a hankali. Na miƙa mata takardata, suka shiga, ni na tsaya a waje kamar wadda aka kora daga aji.

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ina jin Hajiya tana jan jimlolina ɗaya bayan ɗaya, ina jin muryar Inna can ƙasa: "Ƙwarai." "Kullum." "Har numfashi ke gagarata." Duk ta amsa. Da aka tambaye ta wa take so ya raka ta, na matsa kunne. Ta ce Hajiya.

Har yau in na tuna raina na ɓaci. Ni na fassara takardar, ni na yi rigimar, ni na bar aikina a Paris, amma Hajiya.

Da safiyar aikin suka turo gadonta, Hajiya na biye. Ina tsaye a jikin bango. Inna ba ta dube ni ba, idonta na sama. Gadon na zuwa daidai inda nake sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Hannunta sanyi ƙalau, yana karkarwa, riƙon kuwa har farcenta ya shige mini fata. Haka ta ja ni ina bin gadon har bakin lif, sai da mai turawar ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya.

Aiki ya yi kyau, ta tashi. Ana gobe za ta koma Damagaram ina ɗaure mata kaya, na kasa haƙuri na ce, "Inna, ran nan fa kin riƙe ni."

Ta ci gaba da ninke zanenta, ta ce, "Ni? Gadon ne ke girgiza, na nemi abin dafawa."